Rigar aro ba ta faɗa wa mai ita gaskiya

Jama'a, yau zancen riga na kawo muku. Wanda ya ga abin ya yi ƙanƙanta ga shafin da aka saba karanta rikicin manya a cikinsa, ya yi haƙuri ya bi ni sannu, domin kafin mu rabu zai ga inda riga ta gamu da kujera.

A ƴan shekarun baya samarin unguwarmu suka shirya wasan kwaikwayo, suka sa ni cikin masu ba su shawara, da yake na koyar da wasunsu a lakwal. Wasan ya shafi wani attajiri ne mai sayen hatsi da kaka, ya kulle a mangaza, ya jira har bazara ta kai talaka bango, sa'an nan ya fito da shi ya sayar da tiya ɗaya kuɗin uku. Yaran sun yi wata biyu suna gwaji, kowa ya riƙe maganarsa, amma babu wanda ya tuna da abin da za a sa a jiki sai ana saura kwana uku. Nan aka ruga gidan wani Alhaji da ke cikin unguwa aka aro babbar rigarsa ta shadda, mai aikin aska takwas, wadda duk mai zuwa masallacin Juma'a ya san ta. Daren farko, yaron da ke wasan attajiri bai kai ga buɗe baki ba sai fili ya ɗauki sunan mai rigar, ana tafi ana dariya. Da gari ya waye Alhaji ya aiko. Bai yi fushi ba, bai ce a maido masa da rigarsa ba. Goro ya aiko da ƴan kuɗin shayi, tare da shawara cewa zai yi kyau a ƙarshen wasan attajirin nan ya buɗe mangaza ya raba wa mabukata sadaka. Yaran suka dubi juna, suka dubi rigar da ba su da madadinta, suka karɓi shawara. Daren na biyu mutane suka watse suna sa wa attajiri albarka.

Babu jandarma da ya zo, babu takardar hani daga wani biro, ba a kai kowa kwamisariya ba. Riga guda ta juya wasan baibai. Tun daga ranar na daina ɗaukar tufafin ƴan wasa, da kayan da ake jerawa a dandali, da hasken da ake haska su da shi, a matsayin kwalliyar da ake nema bayan an gama aiki. Su ma magana ce. Ɗan kallo da ke zaune can baya, wanda iska ke kwashe masa rabin zance, rawani da sanda da kaki su ke gaya masa wane ne mai iko da wane ne talaka. Wanda kuwa ya mallaki waɗannan kaya, shi ke riƙe da rabin abin da ƙungiyar za ta faɗa.

Kakanninmu sun san haka. Dubi wasan kara na Damagaram, inda samari ke kwaikwayon sarki da fadawansa da manyan bariki, har da shugaban ƙasa. Asalin sunan ma daga kayan aikin ya fito: da kara ake ƙera doki da bindiga da sauran alamun mulki. Hikimar ita ce kowa yana ganin kara ne. Mai mulki na iya zama ya kalli yadda ake kwaikwayon tafiyarsa da tarinsa, ya yi dariya, domin ba a taɓa ainihin kayansa ba, kuma mai kwaikwayon bai ci bashin kowa ba, a gona ya tsinto karansa. Ƴancin bakinsa daga arahar kayansa ya fito.

A zamanin Janar Seyni Kunce, daga 1974 zuwa 1987, aka raya samariya, kowace unguwa da ƙungiyarta, ana haɗuwa a bikin matasa na ƙasa da ke zagaya manyan garuruwan jihohi, ana gasar wasa da waƙa da rawa. Ba zan ci amanar tarihi ba: a wannan zamanin wasan kwaikwayo na Hausa ya kai inda bai taɓa kaiwa ba a ƙasar nan. Ƙungiyar Yazi Dogo ta Damagaram ta shiga gidajen mutane ta rediyo da talabijin, ba tare da rubutaccen littafi ba, sai dai a tsara labari kowa ya zuba maganarsa, har wata Ba'amurkiya, Janet Beik, ta rubuta littafi sukutum a kan wannan fasaha a 1987. Amma wa ya ɗinka kayan samariya? Gwamnati da waɗanda ta sa. Shi ya sa an yi wasa a kan auren dole, da kaura zuwa birni, da ƙaramin ma'aikaci mai cin hanci, da boka mai damfara, amma akwai tsanin da ba a taɓa hawa ba.

Da aka yi taron gamin gambiza a 1991, wanda abin sha'awa marubucin wasan kwaikwayo ne, Andre Salifu, ya shugabance shi, sai muka ce to, yanzu baki ya buɗe. Bakin ya buɗe, amma samariya ta watse, kuma da darajar sefa ta faɗi da rabi a watan Janairu na 1994 sai turmin atamfa da yadin shadda suka fi ƙarfin aljihun ƙaramar ƙungiya. Jam'iyyu suka cike gurbin, kowace da launinta da zanen da aka buga wa hoton shugabanta, har ya zama kafin ƴar wasa ta furta kalma an riga an san gidan da ta ci tuwo. Bayansu furoje-furoje suka zo da riguna masu gajeren hannu, an buga musu tambari gaba da baya. Na ga wasan da sarki, da boka, da mai jego, da ɓarawo duk suka fito cikin riga iri ɗaya mai sunan ƙungiyar da ta biya. Ta yaya ɗan kallo zai gane ɓarawo? An rusa jam'iyyu a 2025, amma ɗabi'ar ba ta rushe tare da su ba. Mai ba da riga yana canza suna ne kawai. Wanda ya ci ladan kuturu kuwa, an san abin da ke jiransa.

To, mene ne aikin mai shirya tufafi, in an ba shi dama? Da farko ba ado yake nema ba, siffa yake nema. Mafi yawan wasanninmu a fili ake yin su, da dare, jama'a sun kewaye ta gefe uku, na baya yana da nisan da ba ya ganin fuska. Saboda haka abin da ke aiki shi ne abin da ake gane shi daga nesa ko a inuwa: tudun rawani, faɗin malfa, tsayin dara, hannun riga da ake naɗewa a kafaɗa, takalmin da ke ƙara. Ma'aikacin biro ba ya bukatar kwat mai tsada. A samo ta gwanjo wadda ta ɗan matse shi, a sa masa alƙaluma uku a aljihu, a ba shi makullai masu yawa yana kaɗawa, an gama. Ɗan sanda kuma kada a kuskura a sa masa kayan sarki na gaske, don doka ba ta yarda ba, kuma ba a bukata. A sauya launi, a ƙara girman hula, a faɗaɗa ɗamara, kowa zai gane, babu kuma wanda zai ce da shi ake.

Sai launi. Abin da ido ya gani a kasuwa da rana ba shi yake gani a dandali da dare ba. Shuɗin baba mai duhu baƙi ƙirin yake komawa, mai shi ya ɓace in bangon bayansa ma duhu ne. Farar shadda mai sheƙi tana maido haske har fuskar mai ita ta dushe, shi ya sa gwanaye ke tsoma fari cikin ruwan shayi ko na jar ƙasa ya ɗan rage kaifi. Atamfa mai ƙananan zane tabo-tabo take zama daga nesa. Tufar talaka kuma sai an tsufar da ita: a wanke, a shanya a rana, a goga mata ƙasa a gwiwa da gindi, a yi mata maho. Sau nawa muka ga manomin da ya dawo daga gona cikin riga mai sauran karin guga? Wannan duk ilimi ne, kuma tela da marini da mai wanki na unguwa sun fi mu da muka yi lakwal saninsa. Ba a dai tambayarsu ne.

Inda abin ya fi ba ni haushi shi ne wasannin tarihi. Muna son fito da Tanimun, sarkin Damagaram da ya gina ganuwa ya sa aka zuba igwa, ya rasu a 1884. Muna son Sarauniya ta Lugu da ta tari rundunar Bule da Shanuwan a 1899. Amma sai ka ga Tanimun cikin shaddar masaƙar Turai, da agogo a hannu, dakarunsa da takalman roba, Sarauniya kuma da leshi da jan baki kamar mai zuwa ɗaurin aure. Yaron da ya kalli wannan ya tafi gida da ƙarya a idonsa, kuma ƙaryar ido ta fi ta kunne daɗewa. Alhali masaƙa ba su ƙare ba, ana samun saƙi da gwado da luru, dukawan Damagaram da na Tawa suna nan da fatarsu, turkuɗin Kura yana shigowa daga ƙasar Kano har gobe, gidan tarihi na ƙasa da ke Yamai, mai sunan Bubu Hama, yana da ɗakin tufafin gargajiya da kowa ke iya zuwa ya duba ya zana. Da Med Hondo ya tashi yin fim ɗin Sarauniya a 1986, daga littafin ɗan ƙasarmu Abdullahi Mamani, a Burkina Faso aka ɗauke shi, ya kuma ci babbar kyautar Fespako a 1987. Labarinmu ne, amma aikin ɗinki da gini da ya biyo shi wasu suka ci.

Game da kayan dandali ba zan tsawaita ba, domin a nan talaucinmu gata ne. Tabarmar kaba ta Madawa da buzu guda sun isa fada. Tebur da hatimi da tarin takardu da aka ɗaure da igiya sun isa biro. Zana biyu da turmi sun isa tsakar gida. Waɗanda suka ga dandalin Turai a talabijin suka dawo suna zana bangon kwali da tagogi da labule, iskar hunturu ta sha koya musu darasi a tsakiyar wasa. Abin da ba za a iya ɗorawa a amalanke ɗaya a kai ƙauye ba, ko a sauya shi kafin mai ganga ya gama kiɗa ɗaya, nauyi ne kawai.

Yanzu ga sabon yayi, wato majigi. Kowace ƙungiya burinta ta samu na'urar da ake haɗawa da kwamfuta ta watsa hoto a bango. Ban ƙi ta ba. Akwai abin da take yi wanda tabarma ba ta iyawa: ta nuna taswira, ko tsohon hoton gari, ko fuskar wanda ya yi ƙaura yana magana daga nesa. Amma na halarci wasan da wata ƙungiyar agaji, ba sai na faɗi sunanta ba, ta ba yara irin wannan na'ura. Aka kafa ta a gaba, sai hoton daji ya riƙa sauka a kan fuskokin ƴan wasa, inuwarsu kuma ta rufe rabin dajin. Aka kashe fitilu don hoton ya fito, sai mutanen suka ɓace. Aka kunna, sai hoton ya ɓace. Ana cikin haka wuta ta ɗauke, aka tayar da gurup, ƙararsa ta haɗiye muryar kowa. Abu ɗaya ne ya fito tangaran a daren nan, shi ne tambarin masu kyautar, wanda aka bari a bango tun kafin a fara har aka tashi.

Laifin ba na na'urar ba ne. Ita ma tana da ƙa'idarta. A rataye farin ƙyalle, a ajiye majigin a bayansa da ƴar tazara, ta yadda ɗan wasa ba zai shiga tsakaninsu ba. Fitilun ƴan wasa kuma a kawo su daga gefe, a sa ƙwan cikin gwangwanin tumatir babba don hasken ya tafi inda ake so, kada ya zuba a kan ƙyallen. Sa'an nan, kuma wannan ya fi duka, a shirya wasan yadda zai ci gaba ko wuta ta tafi. Ba mu manta ba, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, wadda a lokacin ita ce mafi yawan abin da ƙasar ke sha, muka yi watanni ana karɓa-karɓa. Wasan da ransa ke rataye a waya, ranar da wayar ta mutu ya mutu. Fitilar hasken rana mai batir, irin wadda mai shayi ke ratayewa, ta fi masa aminci.

Kuma ba daga waje za mu koyi wannan ba. Mustafa Alasan, wanda aka haifa a 1942 ya rasu a 2015, kafin ya taɓa na'urar ɗaukar hoto da inuwa ya fara: ya yanka siffofi a kwali, ya sa fitila a baya, ya tara mutanen garinsu suna kallo. Daga nan ya kai ga zana kwaɗi masu shugaban ƙasa da faretin soja a cikin Bon voyage Sim a 1966, ya faɗi abin da ba a iya faɗa da fuskar mutum. A shekarar nan kuma ya yi Le Retour d'un aventurier, wanda ya kamata duk mai shirya tufafin wasa ya kalla. Saurayi ne ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa. Da suka sa huluna da takalma suka rataya bindigogi sai suka sauya sunaye, suka sauya hali, suka addabi garinsu. Shekara shida kacal bayan samun ƴancin kai mutumin nan ya gane cewa wanda ya kawo akwatin riguna ya kawo labarin da za a yi da su. Ya ƙarasa rayuwarsa yana aiki a Tawa da ƴan kayan da ya harhaɗa da hannunsa. A 2024 aka sa sunansa a cibiyar al'adu ta Yamai da a da ake kira ta Faransa da Nijar. Madalla da suna a bango. Da za a koya wa yara goma yanka kwali da saita fitila a cikinta, da ya fi jin daɗi.

Na san abin da wani zai ce. Ƙasa na fama da tsaro da tsadar abinci, albashi ba ya kai ƙarshen wata, kai kuma kana zancen rawanin wasa. Gaskiya ne, kuma ba na neman a rage buhu ɗaya daga rumbun tsimi don a ɗinka wa boka riga. Amma a tuna, duk lokacin da hukuma ke son gaya wa mutanen karkara su kai yara rigakafi, ko su bar ƴan mata a lakwal, ko makiyayi da manomi su zauna lafiya, waɗannan yaran ake nema, domin mafi yawan jama'armu ba jarida suke karantawa ba. Ana bukatarsu ranar saƙo, ana mantawa da su sauran kwanakin shekara. Kuma kuɗin da ake magana ba wani abu ba ne in an gwada shi da abin da aka zuba a bukukuwan 18 ga Disamba, Maraɗi Kwalliya a 2015, Tawa Sakola a 2017, Zinder Sabuwa a 2018. An yi kwalta, an yi gine-gine, an gyara dandali, ba na musu. Sai dai dandali ba ya wasa da kansa. A je a tambayi ƙananan ƙungiyoyin waɗannan garuruwa ko akwai wadda ta fito daga bikin da akwatin tufafi nata na kanta.

Abin da nake nema ƙarami ne, kuma ya rataya a wuyan masu karanta wannan jarida. Ku ma'aikata da ke rubuta kasafin hukumomin birane, ko wa ke riƙe da su a yau, ku buɗe layi guda don ɗakin ajiyar kayan wasa a kowane gidan matasa da al'adu: riguna, rawuna, huluna, tabarmi, farin ƙyalle, fitilu. A ɗinka su a wurin telolin garin, a rina a wurin marinansa, a rubuta su a littafi, a damƙa makulli ga mutum ɗaya da ƙungiyoyin suka zaɓa da kansu, kowace ƙungiya ta ɗauka ta maido. Kada a buga wa ko ɗaya tambari, ko na hukumar da ta saya. Ina jaddada zancen littafi da makulli, don mun san yadda kayan gwamnati ke yin ƙafa, kada a wayi gari a ga rawanin Tanimun a kan wani ranar sallah.

Ku kuma Alhazan Maraɗi da na Damagaram da na Ƙwanni, a cikin kantunanku akwai ragowar yadi da turamen da yayinsu ya wuce, waɗanda ƙura ke ci. Ku bayar. Amma ku bayar irin bayarwar da hannun hagu bai sani ba, a kai ɗakin ajiya, kada a kai wa ƙungiya, yadda ba za a ce rigar wane ce ba. Na san abin da nake roƙo yana da nauyi, domin wata rana da yadin da ka bayar za a ɗinka rigar attajirin da ke ɓoye hatsi, ka zauna a sahun gaba kana kallo. Wanda ba ya ɓoye hatsi ba abin da zai dame shi.

Su ma ƴan wasan da nasu laifin. Kada su sake barin zancen tufafi sai saura kwana uku. Ranar da aka zauna tsara labari, a zauna da tela da mai fitila, a ba su matsayi da rabonsu cikin abin da aka samu a ƙofa, a kira sunansu a gaban jama'a kamar yadda ake kiran na mai wasan sarki.

Samarin unguwarmu dai sun yi karo-karo daga baya, suka sayi yadin akoko mafi araha, tela ya yanka musu riga mai faɗin da ya wuce hankali, aka zana mata aska da shuni maimakon zare. Daga nesa ta fi ta Alhaji cika ido, daga kusa kuwa kowa na ganin akoko ne. Suka maido ƙarshen wasan yadda yake tun farko, mangaza a kulle, talaka a ƙofa. Alhaji ya zo kallo a dare na uku, aka ba shi kujera, ya zauna har aka tashi. Bai aiko da goro ba.